Ƙahon da Na Ƙi Kafa wa Ɗan Bulama

Sale, ajiye askar nan kafin ka yanke yatsa uwarka ta zo ta cika mini kunne da kuka. Na ji abin da ka gaya wa ƙaninka Haruna jiya a bakin rijiya, kada ka ce ban ji ba. Ido ne ya fara guduna, kunne yana nan daram. Wai mene ne wanzanci in ba a jiƙa kai a kankare ba, a kafa ƙaho a tsotsa? Wai cikin wata guda za ka ƙware ka sayi keke? Madalla da gwani na gwanaye! To ku jawo tabarma ku biyun ku zauna. Ni Ilu kakanku na haura shekara hamsin ina rataye da zabirar nan, jakar da kuke gani kamar tsohuwar fata ce kawai. Sau ɗaya tak ta bar kafaɗata, wata huɗu cur, kuma yau zan gaya muku dalili.

Aikina na farko a sana'ar nan a kan ɗanyen duma na yi shi. Shekarar da Nasara suka shigo ƙasar Gumel ke nan, ina ɗan yaro. Babana, Wanzam Habu, ya tsinko duma daga bayan danga ya ajiye mini, ya ba ni wata tsohuwar aska, ya ce in kankare ɗan gashin da ke jikinsa ba tare da na ji wa fatar ciwo ba. Duk inda ruwa ya tsattsafo, ya ce, to na zubar da jinin Musulmi, sai ranƙwashi. Damina biyu ina askin duma. Ƙeyar nan tawa ta sha ranƙwashin da in da gero ne da ya cika rumbu. Kafin ya bar ni in taɓa kan ɗan Adam sai da na iya wasa aska a dutse, in goge ta a fata, har ta ɗauke gashin hannu ba a ji wucewarta ba. Kan farko da na aske ma na wani kurma ne, don Baba ya ce ko ya zage ni ba wanda zai gane.

Ƙaho kuwa, da kake cewa a tsotsa kawai, zo ka duba wannan. Na ɗan bijimi ne, ba na tsohuwar saniya ba, don na tsohuwa tsagewa yake yi. Wajen Filanin da ke mashekari, wato rugarsu, gabas da Ɗanzomo muke samowa. A dafa shi, a ƙwaƙule cikinsa, a goge bakinsa a kan dutse har ya yi santsi yadda ba zai ci naman mutum ba, sannan a huda tsininsa. Kana ɗora shi a bayan mutum, kakin zuma yana cikin bakinka, ka ja iska da ƙarfin ƙirjinka, kuma kafin iskar ta koma ka toshe hudar da kakin, da harshe, ba da hannu ba. In fata ta taso ka cire, ka yi tsaga da ƙaramar aska, ƙanana, a jere, kada su yi zurfi, ka mayar da ƙahon ka sake ja. A cinyata na koya. Na yi wata uku cinyar nan kamar an yi mata ado da bakin ludayi.

Amma duk wannan aikin hannu ne, ko biri ka dage ka koya masa. Abin da ya sa Baba ya zama Baba, a kasuwar Maigatari na gan shi, wata Alhamis. Wani Bafillace da ake kira Jauro, dogo, mai shanu da yawa, ya zo ya tuɓe riga ya ba Baba baya, ya ce a kafa masa shida, jikinsa ya yi nauyi. Baba bai taɓa zabira ba. Ya zagayo gabansa, ya sa babban yatsa ya ja fatar ƙasan idonsa, ya leƙa.

"Jauro, mayar da rigarka," in ji Baba.

"Don me? Ba ka ga na zo da abin sallama ba?"

"Na gani. Jinin ne ba ka zo da shi ba. Je ka sha nono, ka ci hanta, in wata ya kama ka dawo."

Jauro ya tashi yana zagi da Fillanci, har da su uwa da uba. Da ya tafi Baba ya kira ni ya ja ƙasan idonsa ya ce in duba, na ga ja. Ya ce haka na mai jini yake. Na Jauro kuwa fari ne fat, kuma wanda idonsa ya yi fari ba shi da jinin bayarwa, ko ɗigo. Ya ce, "Ilu, kafin hannunka ya je zabira, ya fara zuwa ido. Wanzamin da bai iya cewa a'a ba mahauci ne, sai dai ba ya rataye nama." Bayan wata biyu Jauro ya dawo da ƙwaryar man shanu, ya zauna aka kafa masa shidansa.

A lokacin kowane gida da wanzaminsa, gado ne. Gidan da kakana ya aske, Baba ke askewa, ni zan aske. Suna, kaciya, cire belu, tsagar gado, ƙaho, duk namu ne, in kaka ta yi kuma kowane gida ya aiko mana da damin gero. Ba ma shiga gidan wani wanzami, wani ba ya shiga namu. Kuma in gidanka ya kira ka, ko tuwo ne a hannunka sai ka ajiye. Babban gidanmu shi ne na Bulama, mai garinmu. Ɗansa na fari, Kyari, sa'ana ne, rana ɗaya Baba ya yi mana kaciya, tabarma ɗaya muka yi jinya a kai. Ku riƙe sunan nan.

Sai shekarar babbar mura. Shekara huɗu ko biyar ke nan bayan yunwar da ta kori mutane daga arewa, jiki bai gama komawa ba. An yanke gero, dawa tana tsaye a gona. Wani falke ya dawo daga Kano da jakunansa yana tari, ya kwanta, kwana uku aka kai shi. Kafin mako ya zagayo, rabin gari yana ƙasa. Ciwon kai kamar ana sara, zazzaɓi, tarin da ba ya fita, haɓo, sannan leɓe ya yi baƙi. Kuma ba tsofaffi ta fi ɗauka ba, a'a, majiya ƙarfi take bi, samari da masu ciki. Mutane suka ga haɓo, suka ga baƙin leɓe, suka ce mataccen jini ne ya taru, a kira wanzami ya fitar. Wallahi mu ma haka muka zata. Ba mu san wani abu ba sai ƙaho, kuma duk ciwon da ya zo mana da shi muke tarbarsa.

Mu uku ne a gidanmu: Baba, da ƙaninsa Baffa Tanko, da ni, ina da shekara ashirin da 'yan kai. Garuruwa bakwai muke bi, daga nan har kusa da Sule Tankarkar. Daga sallar asuba har almuru bakinmu yana kan ƙaho. Ka taɓa tsotsar ƙaho arba'in a yini, Sale? Leɓe kumbura yake yi, ya tsage, ya yi ɓawo, gobe ka sake ɗora shi a kan ƙaho ɓawon ya ɓalle. Muƙamuƙi ya ƙage har tuwo ya gagare ka tauna, sai kunu. Komai ka sa a baki ɗanɗanon kaki da jini kake ji. Ga marar lafiya yana tari a fuskarka, don ba a yin ƙaho daga nesa. Muka daina duba ido ma, in gaya muku gaskiya. Ina lokacin? Kana kan wannan ana jan rigarka zuwa wancan.

Baffa Tanko ne ya fara faɗuwa. A hanyar Gagarawa aka tsince shi da azahar, a gindin wata aduwa, zabirarsa a ƙarƙashin kansa. Masu jakuna suka kawo shi, washegari ya cika. To daga nan mutane suka canza mana fuska. Aka fara cewa wanzamai ne ke yawo da cutar a cikin zabira, gidan da suka shiga sai an fitar da gawa. Amma kada ku zata an daina kiranmu! Da safe a tsaya bayan danga ana "don Allah, don Annabi, Wanzam, ka zo," in ka gama ka roƙi ruwa a miƙo maka a sakaina, kana juya baya ka ji an taka ta an fasa. Gidajen da na ci tuwo a akushinsu tun ina rarrafe. A masallaci in na shiga sahu sai in ga an bar wurin mutum guda dama da hagu. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, har na ce wa Baba mu zauna a gida su yi ta kansu. Ya ce, "Ubanka ma bai zauna ba, balle kai."

Kwana tara bayan Baffa, Baba ya kwanta. Kwana biyu yana haɓo, ba ya cin komai. Rana ta uku da hantsi ina zaure ina wanke ƙahoni, ya kira ni. Yana kwance a kan buzunsa, numfashi yana fita da ƙyar.

"Ilu, kafa mini huɗu a allon kafaɗa."

An ce wanzami ba ya son jarfa. To Baba ya ƙaryata masu karin magana, don ya yarda da ƙahonsa fiye da yadda ya yarda da kowa. Na durƙusa na kai yatsa idonsa, na ja. Kafin ya buge mini hannu na riga na gani.

"Ni za ka duba wa ido? Wa ya koya maka?"

"Kai ne, Baba. Fari ne fat, irin na Jauro."

"Jauro yunwa ce ta kama shi. Ni jini ne ya mutu a ƙirjina, ina jin sa. Kafa."

"Baba, ka bari ka sha kunu tukuna."

"Ilu, ni na haife ka ko kai ka haife ni?"

To me zan ce? A zamaninmu ɗa ba ya mayar wa uba magana sau uku. Na juya shi, na kafa huɗu, na tsaga, na ja. Abin da ya fito ba jini ba ne, wani ruwa-ruwa ne kamar na wankin nama. Na share, na barbaɗa garin gabaruwa. Ya ce, "Yauwa, ka ga na ji sauƙi." Ya lumshe ido. Kafin la'asar Inna ta fasa kuka.

Ban ce ƙahona ne ya kashe shi ba. Ajali ba ya jiran wanzami, kuma waɗanda ba a taɓa da aska ba ma sun tafi da yawa. Amma na san abin da na gani a idon nan, na kuma san abin da hannuna ya yi bayan na gani. Har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina. Mu huɗu muka kai shi, don masu ɗaukar makara sun ƙare. A bakin kabarin na rataya zabirarsa, wannan da ke gabanku, na ce daga yau duk wanda idonsa ya yi fari, ko ɗan wane ne, ba ni ba kafa masa ƙaho.

Da na koma duba ido sai na tarar kusan duk wanda cutar ta kwantar kwana uku ba shi da jinin bayarwa. To me zan yi musu? Na shiga wani gida a ƙofar yamma na tarar mutum shida a kwance, randa a bushe, murhu ya yi sanyi, ba mai iya tashi ya ɗebo ruwa. Ashe wasu ƙishirwa ke ƙarasa su kafin cutar. Na ajiye zabira na ɗauki tulu. Na jiƙa tsamiya, na dama kunu da citta, na ɗaga kawunansu ɗaya bayan ɗaya ina ba su da ludayi. Haka na koma yi gida-gida. Wasu suka tashi, wasu suka tafi. Masu gidan kuwa ba su gode ba, cewa suke yi sun kira wanzami an aiko musu da mai dama kunu.

Ana nan sai baran Bulama ya zo da rana tsaka, ya ce in zo maza, Kyari ne. Na tarar da shi a ɗakin da ke bayan zaure, ya rame, gaban rigarsa duk jinin haɓo. Ya gane ni, ya ɗan yi murmushi. Bulama yana tsaye a kansa da dattawa biyu da suka rage a gari. Na gaishe su, na durƙusa, na ja ƙasan idon Kyari. Na daɗe ina dubawa, ina roƙon Allah in ga ko ɗan ja-ja. Babu.

"Ranka ya daɗe, ba zan kafa masa ba. A ba ni tulu da tsamiya, in zauna da shi."

Bulama ya dube ni kamar bai ji da kyau ba. "Me ka ce?"

"Ba shi da jinin da za a ɗiba, ranka ya daɗe."

"Kai ɗan Habu, ba ka ga leɓensa ba? Ba ka ga abin da ke fita ta hancinsa ba? Jini ne ya yi masa yawa!"

"Wanda ya fita ta hanci shi ne na ƙarshensa."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Yaro, ka san inda kake kuwa?"

Bulama ya ɗaga masa hannu. Uba ne, kuma ya riga ya binne 'ya'ya biyu a makon nan. Ya ce, "Tun kakan kakanka gidanku ke cin geron gidan nan. Ubanka bai taɓa ce mini a'a ba."

Na ce, "Gaskiya ne. Ni ma ban ce wa ubana a'a ba, ranka ya daɗe. Ga shi can yamma da gari, ƙasar kansa ba ta bushe ba."

Bulama ya ce, "Ko ka kafa, ko ka ajiye zabira."

Ba zan ɓoye muku ba, abin ba ƙarami ba ne. Wanzamin da ba zabira ba kowa ba ne, ba gona gare mu ta kirki ba, ga Inna, ga matar Baffa da 'ya'yanta duk sun dawo wuyana. Kuma Kyari ne, ba wani ba. Da na kafa ya mutu, ba mai cewa uffan, an yi abin da aka saba. Amma na ce, "Ba zan kafa ba, kuma ba zan ajiye ba. Mai so ya ɗauka."

Bulama da kansa ya sa hannu ya zare ta daga kafaɗata, ya fita zaure ya rataye ta a ƙusar da yake rataye linzamin dokinsa. Na bi shi na ce, "Ranka ya daɗe, hannun da ya rataye ta shi zai sauke ta." Na roƙi a bar ni in ba Kyari ruwa, aka nuna mini ƙofa. Suka aika Gagarawa a kira wani wanzami, ɗan aike ya tarar ana zaman makokinsa. Bayan kwana biyu Kyari ya rasu.

Kun zata zan ce ya warke, gari ya zo yana ba ni haƙuri? Tatsuniya ke nan. Kyari ya mutu ba a kafa masa ƙaho ba, gari duka ya ce taurin kan Ilu ne ya kashe shi. Ko jana'izarsa daga nesa na tsaya. A makon ni ma cutar ta kayar da ni. Inna ce ta yi ta ɗura mini kunu har Allah ya sa da sauran kwana. Da na tashi gashin kaina ya zube tas, wanzami ya samu aski kyauta. Dami kuwa ko ɗaya ba a aiko ba a kakar nan. Na koma yankan gamba ina saƙa zana, ina kai wa kasuwar Maigatari a ka, mu sayi abin da za mu ci.

Liman ya zo har gida bayan cutar ta lafa. Mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa. Ya ce, "Ilu, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle Bulama. Zo in raka ka, ka ce ka yi kuskure, ya ba ka kayanka."

Na ce, "Allah gafarta Malam, in na ce na yi kuskure, gobe aka kira ni kan wani mai farin ido, me zan ce? In gaisuwar mutuwa ce, na je an hana ni shiga. In haƙuri ne na rashin ɗa, ina ba shi har gobe. Amma kuskure ban yi ba, sau ɗaya na yi shi, a zauren gidanmu."

Ya girgiza kai ya ce taurin kan Habu bai mutu ba.

Wata huɗu gari ba wanzami. Ku zo ku ga kawuna! Dattawa da suma kamar mahaukata, wasu suna aske wa juna da wuƙar yankan kubewa, ka ga mutum ya fito masallaci kai duk sara. Sanyi ya zo ya wuce ba a yi wa yaro ko ɗaya kaciya ba. Ina wucewa ta ƙofar Bulama in hango zabirata a ƙusa, hayaƙin wutar zaure yana turara ta. Ga baƙin nan a gefenta har yau, bai fita ba. Ba na tsayawa, amma duk ranar da na gan ta ba na iya cin tuwon kirki.

Ashe Kyari ya bar matarsa Hajara da ciki, kuma tana cikin 'yan kaɗan masu cikin da cutar ta ƙyale. Ta haifi namiji. Shi ke nan abin da ya rage wa Bulama ta wajen ɗansa na fari. Ranar suna dole a aske gashin da jariri ya zo da shi, a yi masa tsagar gidansu. Bulama ya aika Gumel aka zo da wani tsohon wanzami a kan jaki, ana jibi suna. Tsohon nan, da yake ɗan sana'a ne na gaske, ya ce kafin ya taɓa kowa sai an kai shi ya gaida wanzamin gidan, ko magajinsa in ya mutu. Aka rasa yadda za a yi, aka kawo shi wurina. Ya tarar da ni ina saƙa zana. Na ba shi ruwa a ƙwarya sabuwa, na gaya masa komai. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya dubi tabon leɓena, na dubi nasa, iri ɗaya. Ya koma ya ce wa Bulama, "Ranka ya daɗe, gidan nan da mai shi, kuma yana raye. Ba a yin haka a sana'armu." Ya hau jakinsa ya tafi ko abinci bai tsaya ci ba.

Ana gobe suna baran Bulama ya shigo da zabira a hannu, ya ajiye a gabana, ya ce an ce in zo da sassafe. Inna tana bayan danga tana hamdala. Na ce masa, "Ɗauki ka mayar inda ka samo ta. Ba kai ka rataye ba." Inna ta fito ta ce, "Ilu, kashe mu za ka yi?" Na ce ta yi haƙuri. Ni kaina na san aski ya zo gaban goshi, in Bulama ya yi zuciya sai dai mu bar garin.

Da gari ya waye, rana ta ɗan ɗaga, sai ga yara suna gudu. Bulama ne tafe a ƙasa, ba doki, ba bara, zabirata a kafaɗarsa, ya bi ta bakin rijiya inda mata suka cika. Ya tsufa a wata huɗun nan fiye da shekara goma. Na fito na faɗi na yi gaisuwa yadda ta kamata, don sarauta sarauta ce. Ya sauke zabirar ya miƙo mini da hannunsa.

"Ga kayanka, ɗan Habu." Sannan ya ce, "Har yanzu ina cewa da ka kafa, da Kyari yana nan."

"Ranka ya daɗe, ni kuma har yanzu ina cewa da na ƙi, da Baba ya ga wannan rana."

"Allah ne masani."

"Shi ne, ranka ya daɗe."

Iyakar abin da muka ce ke nan, har ya bar duniya ba mu sake tayar da maganar ba. Na buɗe zabira na tarar asake duk sun yi tsatsa. Na zauna a ƙofar gidansa, gari ya taru, an yanka rago, ana jirana, na wasa su ɗaya bayan ɗaya ban yi gaggawa ba. Sannan aka miƙo mini jaririn. Kan jariri ba duma ba ne, Sale. Maɗigarsa tana motsi a ƙarƙashin yatsanka, fatar kamar ta albasa. Na jiƙa da ruwan ɗumi, na yi bisimilla, na fara daga goshi. Da na juyo shi na ga kunnuwan Kyari sak, sai hawaye ya cika mini ido, na tsaya na share da kafaɗa don ba a aski da ido biyu-biyu. Ko ƙwarzane ban yi masa ba. Sunan ubansa aka mayar masa. Shi ne Bulaman da kuke durƙusa wa yanzu, mai sanƙon nan da ke ƙyalli ranar Juma'a. Ni na aske masa na farko, Allah ya aske masa sauran.

Haruna, zura hannu can ƙasan zabirar, akwai wani ƙulli. Kwance. Ƙahoni huɗu ne, ko? Su ne na kafa wa Baba. Ban sake ɗora su a bayan kowa ba, ban kuma yar da su ba.

Yanzu ga asibiti a Gumel, ga allura, wataƙila ku ba za ku ga irin waccan shekara ba, Allah ya sa haka. Amma ni na tsufa, ƙirjin nan ya fara nauyi da safe, kuma na san halin gidanmu. Wata rana zan kwanta a zauren nan in kira ɗayanku in ce ya kafa mini huɗu. Zan yi tsawa, zan ce ni na koya muku, zan tambaye ku wa ya haifi ubanku. Sale, matso. Ba zabira ba, ajiye ta. Kawo babban yatsanka nan, ja ƙasan idona, a hankali, ka duba da kyau yadda yake yau. Ranar da ka ja ka ga ya yi fari, ka ƙi ni, ko da na tsine maka.